Goron da Sabitu Ya Raba

Shafi na 12

Masu cewa Hajiya Ma'u ta cika taurin kai, na ji ku. Masu roƙon in bar musu Sabitu su koya masa hankali, ku ma na ji ku, amma ku yi haƙuri, yayarsa ta riga ku. To ku gyara zama.

*

Hajiya Ma'u ba ta ko gama shafa addu'ar la'asar ba ta ji sallamar Alhaji Jumare a zaure, irin sallamar nan da ake ɗaga murya don maƙwabta su shaida an zo.

Ta miƙe, ta jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin gado, ta soke shi a cikin zane. Akwai tsoro a ranta, amma ba shi kaɗai ba. Har da zumuɗin wadda ta daɗe tana shirya magana, yau kuma ga ranar faɗinta ta zo.

"Yaya, don Allah," in ji ƙaninta Sabitu, yana biye da ita kamar jela, "ki ba Buraima ɗakin kawai kowa ya huta."

"Kai dai ka huta. Ni ka ga alamar gajiya a jikina?"

"Ni fa gani na yi ɗan gida ne."

"Gidan wa? Naka?"

Sabitu ya sosa ƙeya. Ƙato da shi, har da gemu, amma in yayarsa ta kalle shi sai ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Duk wannan rigimar a kan ɗaki ɗaya ce. Tun da aka rushe tsohon Zongo aka koro mutane nan bayan gari, wajen Agoè, ɗakin haya ya zama abin da ake yi wa addu'a. Aka tashi daga ɗaki ɗaya a gidan Hajiya, mutum biyu suka kawo goron nema: Buraima, ɗan ƙanin Alhaji Jumare, da Tchakoura, Bakotokoli mai kaɗa ganga a ƙungiyar rawar parti, wato jam'iyya mai mulki. Ƙa'idar Hajiya kuwa kowa ya santa. Ba ta raba goron kowa sai ta taka da ƙafarta ta je inda yake zaune, ta samu wanda suke jan ruwa a rijiya ɗaya, suke shiga bayi ɗaya, ta ji daga bakinsa. Tana cewa liman yana ganin mutum ne da alwala, amma abokin rijiya shi ke ganinsa da kwantsa a ido.

Sai Sabitu, don neman suna, ya kwance goron Buraima ya rabar a ƙofar masallaci tana kasuwar Assigamé. A unguwar nan kuwa in goro ya ciwu, alkawari ya ƙullu. Ba a kwance shi sai da dalili, a gaban dattijo.

Dalilin tana da shi. Faɗinsa ne ba ya yiwuwa.

Tana ratsa tsakar gida warin fetur ya bugi hancinta. Ta dafa ƙullin da ke cikin zanenta ta yi tsaki. Wannan tsumman da ta naɗe ƙullin da shi, ko a cikin tukunya ka rufe shi sai ya tona maka asiri.

"Hajiya," in ji Mariyatu, 'yar hayarta mai suyar ƙosai, tana kaɗa ƙullu, "wannan gawayin da aka..."

"Ba yanzu ba, Mariyatu!"

Ta wuce zaure.

Alhaji Jumare na zaune a kan buzu, ya baza babbar riga ta cinye rabin zauren. Aminin marigayi mijinta ne, shi ya yi masa wanka, shi ya tsaya aka ba ta wannan filin. Buraima na tsugune a gefensa, kai a ƙasa, kamar bai taɓa kashe ko sauro ba.

Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da kasuwa. Sannan Alhaji ya ajiye tasbaha.

"Hajiya, wani zance na ji, na ce ƙarya ne."

"Wane zance ke nan, Alhaji?"

"Wai kin ce ba za ki ba yaron nan ɗaki ba."

"Ba ƙarya ba ne."

Alhaji ya tura hula baya.

"Bayan an ci goro?"

"Wanda ya raba shi ga shi nan tsaye. Ba shi da ko bulo ɗaya a gidan nan."

"Jininki ne! Hannunsa hannunki ne. Liman ya ci goron nan, ladan ya ci, ni kaina na ci har na yi addu'a. Yanzu so kike in koma ƙofar masallaci in ce musu su amayar?"

Sabitu ya yi ƙoƙarin shigewa cikin bango.

"Alhaji," ta ce a natse, "ban karɓi kuɗin kowa ba, ban ba kowa makulli ba. Tambayar da na yi wa Buraima ita na yi wa ɗayan. Yadda na je gidan wannan haka na je gidan wancan. Ban fifita kowa ba."

"To ai nan ne laifin! A ce ɗan Malam Idrisu, wanda kakansa da kakanki ayari ɗaya ya kawo su ƙasar nan, ki auna shi da mudu ɗaya da Bakotokoli?"

"A gidan nan akwai Bazabarme, akwai Bafulatana, akwai 'yar ƙabilar Mina da ke sallarta a coci. Ka taɓa jin an tashi faɗa? Ni ba na tambayar mutum garinsu. Abin da nake tambaya, me zai ajiye a ɗakina ban da kansa."

Kan Buraima ya ɗan motsa.

"Ki faɗi gaskiya dai," in ji Alhaji, ya rage murya. "Tsoron parti kike ji. Kin sayar da ɗan'uwa don kada a kai sunanki sama."

Maganar ta soke ta. Ta san gobe haka za a yi ta yawo da ita daga rumfar mahauta har layin masu atamfa: Hajiya Ma'u ta karya alkawari don tsoro. Macen da 'yan kasuwa ke ba wa kaya da baki kawai, in bakin ya zube me ya rage mata?

Tana buɗe baki ke nan aka yi sallama.

Tchakoura ne. Dogo, siriri, sanye da rigar atamfar parti mai hoton shugaban ƙasa a ƙirji.

Jama'a, ku zo ku ga yadda zaure ke canza launi! Alhaji Jumare, wanda yanzun nan ya gama tauna sunan parti, ya yi wuf ya gyara hula.

"A'a, Kamarad! Maraba, maraba! Yanzu muke cewa ƙasa ta zauna lafiya, alhamdu lillahi. Ko ba haka muke cewa ba, Sabitu?"

"Haka muke cewa," in ji Sabitu.

"Bonjur," in ji Tchakoura, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. "Hajiya, magana ce da ni, amma na ga kina da baƙi. Zan jira a waje."

"Zauna," in ji Alhaji da sauri. Wani tunani ya faɗo masa, har idonsa ya yi ƙyalli. "Zauna, Kamarad, ai gara da ka zo. Hajiya za ta faɗi dalilin da ya sa ta hana ɗanmu ɗaki. Ka ga sai ka zama shaida."

Ya juyo ya kalle ta, yana murmushin wanda ya rufe ƙofa da taga.

Hajiya ta tuna abin da ta gano.

Shekaranjiya da ta je gidan da Buraima ke haya, tsohuwar da suke jan ruwa tare, Iya Zaituna, ba ta ce komai ba da farko. Sai da Hajiya ta ce, "Iya, da ɗanki ne zai kwana a ɗakin kusa da nasa, za ki yarda?" Sai tsohuwa ta fashe da kuka. Ta ja ta bayan ɗakin Buraima, ta ɗauko wani tsumma da yake goge mazurari da shi ta sa mata a hannu. Fetur ne na sumoga, wanda ake ƙetaro iyaka da shi. Jarkoki ne jibge a ɗakin har kusa da rufi. Iya Zaituna ta ce rabonta da hura wuta a ƙofarta har ta manta.

To yanzu ta faɗi wannan a gaban mai rigar parti? Kafin magariba jandarmomi sun zo. Wanda suka tafi da shi a wannan zamani kuwa, uwarsa ba ta tambayar ina aka kai shi. Buraima mugun ɗan haya ne, amma uwarsa na da rai, kuma shi kaɗai gare ta. Hajiya ɗaki take son hana shi, ba rayuwa ba.

"Buraima," ta ce, "ɗago ka kalle ni."

Ya ɗago.

"Ranar da ka kawo goro na tambaye ka me za ka ajiye a ɗakin. Me ka ce?"

"Katifa da akwati, Hajiya."

"Har yanzu amsarka ke nan?"

Ya saci kallon Tchakoura.

"Ita ce."

"Ina ba ka dama, ɗana. Ka ce da bakinka ka fasa, ka samu wani wuri. Ba wanda zai tambaye ka dalili, ni ma ba zan ƙara tayar da zancen ba."

"Ka ji ko!" Alhaji ya tafa hannu. "Ba ta da dalili! So take yaro ya janye ya wanke ta!"

Buraima ya ga kawunsa ya tsaya masa, sai ƙarfin hali ya zo masa.

"Ni ban fasa ba. An ci gorona. In akwai laifin da na yi, a faɗa."

Ya san ba za ta faɗa ba. Ta ga hakan a idonsa, kuma abin ya ba ta haushi har cikin ƙashi. Wato tausayinta ne ya mayar garkuwa.

Ta sa hannu cikin zane ta fito da ƙullin.

"Alhaji, ga goronku. Na sayi sabo, fari ƙal, ya fi wanda aka kawo."

"Ba na karɓar goro ba dalili."

"Dalilin na tare da shi. Ka daɗe kana sayar da goro kafin ka koma harkar shanu, ka fi ni sanin mai kyau. Ka duba min shi, kada a ce na mayar da ruɓaɓɓe."

Ta ajiye masa a kan gwiwa.

Alhaji ya kalli ƙullin a wulaƙance. Ganye ne kore a ciki, amma a waje an naɗe shi da wani baƙin tsumma duk maiƙo. Ya ɗauka da yatsu biyu.

"Wannan wane irin rashin mutunci ne? Goro a cikin tsumman..."

Ya tsaya.

Hancinsa ya buɗe. Ya kai ƙullin kusa da fuska, ya shaƙa. Ya sake shaƙa.

Daga zauren ana jin Mariyatu na kaɗa ƙullu a cikin gida.

A hankali Alhaji ya juya ya kalli ɗan ƙaninsa. Buraima ya gane tsummansa, guntun tsohuwar rigarsa ce.

"Ba ka rantse min ba?" in ji Alhaji, can ƙasan maƙoshi. "Ba ka dafa Alƙur'ani a gaban uwarka ka ce ka bari ba?"

"Kawu..."

Idon Alhaji ya faɗa kan hoton da ke ƙirjin Tchakoura, sai ya haɗiye sauran maganar. Nan take ya fahimci abin da matar nan ta yi. Ta riƙe wuƙa a hannu, shi da kansa ya matsa mata ta yanka, ta ƙi.

Ya cusa ƙullin cikin aljihun babbar riga, ya miƙe. Tsufansa duk ya fito.

"Goron yana da kyau, Hajiya," ya ce. "Mun karɓa. Mu muka janye, kuma haka zan faɗa a masallaci. Kamarad, ka shaida, mu muka janye."

"Na shaida," in ji Tchakoura.

"Allah ya jiƙan mai gidan nan. Ya san matar da ya bari."

Hawaye suka ciko idon Hajiya, ta yi saurin kawar da kai.

"Kawu," in ji Buraima, "akwai wata magana, ɗakin..."

"Rufe min baki! Wuce mu tafi!"

"Amma Kawu..."

Alhaji ya damƙi wuyan rigarsa ya tura shi waje. Buraima na tafe yana waiwayen cikin gida, kamar wanda ya bar jariri a baya.

Suna fita Hajiya ta saki wata ajiyar zuciya, sai kuma dariya ta ƙwace mata. Wallahi ji take kamar ta tashi ta taka rawa! Ta hana ɗaki, ba ta tona asirin kowa ba, sunanta kuma na nan inda yake. Ta juya ga Sabitu.

"Ka gani? Haka ake cewa a'a. Ba zagi, ba ƙarya, kowa ya tafi da hularsa a kansa."

"Yaya, ni fa ban gane komai ba. Me ke jikin goron?"

"Dama yaushe ka taɓa ganewa?"

Ta kwance makulli daga bakin zanenta ta miƙa wa Tchakoura.

"Kai kuma, malam makaɗi, na je gidanku. Maƙwabcinka ya ce laifinka ɗaya, kana waƙa in kana wanka, kuma muryar ba daɗi. Ya ce da matarka ta kwanta ciwo kai ka riƙa wanke bayi a ranar aikinta. 'Yan gidan nan sun ce kunnen parti ne kai, na ce ni ba jita-jita nake ba haya ba. Sharaɗi ɗaya: ganga ba ta kwana a gidana. Ƙanin mijina ma da ya zo da injin niƙa haka na gaya masa. Ka yarda, ga makulli."

Tchakoura bai miƙa hannu ba.

"Mersi, Hajiya. Amma abin da ya kawo ni ke nan. Na zo in karɓi gorona."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Ka karɓi me?"

"Na fasa ɗakin."

"Saboda gangar?"

"A'a. Ganga a gidan parti take kwana." Ya kalli ƙofa, ya rage murya. "Saboda abin da Alhaji ya shaƙa."



"Ka... ka sani?"

"Hajiya, ke ta layin masallaci kika shiga gidansu, gidanmu kuma ta layin mahauta. Ba ki lura baya da baya suke ba? Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa. 'Ya'yana da warin nan suke kwana, da shi suke tashi. Me kike zato ya koro ni neman ɗaki?"

"Kuma ba ka kai shi ƙara ba?"

Ya yi wani murmushi mai ɗaci, ya ja rigar da ke jikinsa.

"Rigar nan abinci nake ci da ita. Ganga aka ɗauke ni in kaɗa, ba mutane ba. Uwarsa ce ta yi wa matata wankan jego, ta yaya zan kai shi?"

Kunya ta rufe Hajiya. Ashe ita ma, duk da bakinta na cewa ba ta jin jita-jita, zuciyarta ta ji.

"To ai yanzu ka rabu da shi," ta ce. "Na hana shi, a gabanka aka yi. Me zai sa ka fasa?"

Tchakoura ya zuba mata ido, kamar yana auna ko wasa take yi.

"Hajiya... da gaske ba ki sani ba?"

"Ban san me ba?"

"Ni na zaci da yardarki aka yi. Jiya, ana sallar Juma'a, na ga ya loda kura. Buhunan gawayi ne a sama, amma na san abin da ke ƙasa. Na yi murna, na ce Allah ya raba mu. Na bi kurar daga nesa in ga inda za ta." Ya nuna ƙasa da yatsa. "Nan ta shigo."

Hajiya ta juya a hankali.

Sabitu ya riga ya kai bakin ƙofa.

"Sabitu."

"Yaya, wallahi gawayi ya ce min!"

"Ina ɗayan makullin?"

"Ya ce tunda an ci goro ɗaki nasa ne, kawai zai ɗan ajiye kaya kafin... Yaya, gawayi ne fa, na gani da idona!"

Ba ta ji ƙarshen maganarsa ba. Wani abu ne ya tsaya mata a rai. Alhaji ya tafi da ƙullin. Tsumman ya bi shi, yanzu ya kai ƙofar masallaci.

To me ya sa har yanzu take jin warin?

Tun jiya take jinsa. A tsakar gida, a bakin rijiya, har a kan sallaya. Tun jiya take zagin tsumma.

Ta yi tsalle ɗaya ta yaye labulen zaure.

Rana ta karkata, inuwa ta koma gefen yamma, daidai ƙofar ɗakin da ba kowa. Mariyatu, kamar yadda ta saba kullum, ta bi inuwar. Ta ja kurfotinta, murhun gawayinta, har jikin ƙofar, ta ɗora kasko, ta durƙusa tana fifita garwashi, tartsatsi na tashi. Daga ƙarƙashin ƙofar kuwa wani siririn layi mai duhu, mai sheƙi, ya biyo siminti yana gangarowa a hankali wajen ƙafarta.

"MARIYATU!"

Mariyatu ta waiwayo tana murmushi, maficin bai tsaya ba.